Muhimmancin Samun Harshe da Wuri ga Ginuwar Nahawun Kurame Masu Maganar Hannu

1.0 Gabatarwa

Duk yaron da aka haifa da lafiyar kunne, tun ranar da ya faɗo duniya yake tsundum cikin harshe. Uwa na rarrashi, yayye na gardama a tsakar gida, maƙwabta na sallama. Kafin ya cika shekara 4 ya riga ya san inda ake cewa "ya zo" da inda ake cewa "ta zo", ya kuma san bambancin "fita" da "fito", ba tare da wani ya zaunar da shi ya karanta masa nahawu ba. A shekarar 1967 wani masani mai suna Eric Lenneberg ya kawo ra'ayin cewa wannan sauƙi da yaro ke samu yana da wa'adi, watau akwai ƙayyadajjen lokaci, daga ƙuruciya zuwa balaga, wanda a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe. Sai dai gwada wannan ra'ayi ya yi wuya, domin da ƙyar a sami yaro mai ji wanda ya wuce waɗannan shekaru bai ji magana ba, balle a kwatanta shi da sauran.

Al'amarin yaron da aka haifa kurma dabam yake. Ƙididdigar da aka yi a Amurka ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, waɗanda galibinsu ba su san maganar hannu ba. Maganar gidan ba ta shiga kunnen yaron, ta hannu kuwa babu mai yi masa. Saboda haka sai a tarar wani ya fara samun harshe yana ɗan shekara 5, wani 9, wani kuwa sai bayan ya balaga, alhali 'yan ƙalilan da suka tashi a hannun iyaye kurame sun samu tun suna zanen goyo. Dukkansu lafiyar hankalinsu lau, kuma sun tashi cikin kulawar danginsu. Abin da ya raba su shi ne shekarar da harshe ya fara isa gare su.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba abin da wannan bambanci ke haifarwa a nahawun maganar hannu. Mafi yawan binciken da za a dogara a kansa an yi shi ne a Amurka da Kanada da Nikaraguwa. Daga ƙarshe za a waiwayi ƙasar Hausa, inda kurame ke da tasu maganar hannun.

2.0 Nahawun Maganar Hannu

Kafin a yi batun raunin nahawu, wajibi ne a tabbatar da cewa akwai nahawun. A wannan maƙala "ishara" na nufin nunin da kowa kan yi da hannu, kamar yafito mutum ko nuna masa hanya. "Alama" kuwa na nufin kalmar maganar hannu, wadda al'ummar kurame suka daidaita a kan siffarta da ma'anarta. Za a riƙa rubuta ma'anar alama da manyan baƙaƙe.

William Stokoe na Kwalejin Gallaudet, babbar makarantar kurame da ke Washington, shi ne ya nuna a 1960 cewa kowace alama ta maganar hannun Amurka tana rarrabuwa zuwa sassa: siffar hannu, da gurbin da ake yin ta, da motsi. Daga baya aka ƙara na huɗu, watau inda tafin hannu ya fuskanta. Sauya ɗaya daga cikinsu kan sauya ma'ana, kamar yadda sauya baƙi ɗaya ke raba "bari" da "ɓari". Alal misali, idan aka buɗe yatsu biyar aka ɗora babban yatsa a haɓa, an ce UWA. Idan aka ɗora shi a goshi, an ce UBA. Wannan shi ne tsarin sautin harshen, ko da yake babu sauti a cikinsa.

Ta fuskar ginin jimla, jerin asali shi ne aikau, aikatau, karɓau, daidai da na Hausa. Fuska ma tana da nata aikin: ɗaga gira na mai da jimla tambayar da amsarta "i" ce ko "a'a", haɗa gira na tafiya da tambayoyi irin su "wa" da "me" da "ina", girgiza kai kuwa korewa ce.

Inda harshen ya fi sarƙaƙiya shi ne ƙirar kalma, musamman ta aikatau. Mai nazarin Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san yadda saiwa ɗaya kan ba da waɗannan:

(1) fita, fito, fice, fitar, firfita

Bahaushe na sauya wasalin ƙarshe da karin sauti, ko ya yi ninki, ya nuna ko aikin nan ya nufo, ko can ya nufa, ko kuma ya auku da yawa. Mai maganar hannun Amurka kan yi haka da motsi. Yakan ajiye kowane mutumin da yake magana a kansa a wani gefe na sararin da ke gabansa, a ce Audu a dama, Binta a hagu. Idan alamar BA ta tashi daga dama ta sauka a hagu, Audu ne ya ba Binta. Idan ta juya, Binta ce ta ba Audu. Idan aka ja ta a kewaye, an ba jama'a. Idan aka maimaita ta, bayarwar ta zama sabau. Har wa yau akwai siffofin hannu masu wakiltar ajin abu, kamar miƙe manuniya a madadin mutum a tsaye, ko miƙe babban yatsa da manuniya da na tsakiya a madadin abin hawa. Da motsi ɗaya za a iya cewa mota ta hau tudu tana tangal-tangal, amma a cikinsa akwai ƙwayoyin ma'ana da dama da aka harhaɗa.

Ya kamata a lura cewa maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya. Ta Amurka da ta Ingila ba sa fahimtar juna duk da cewa ƙasashen biyu Ingilishi suke yi. Ta Amurka ta fi kusa da ta Faransa, saboda wani malami kurma Bafaranshe, Laurent Clerc, yana cikin waɗanda suka kafa makarantar kurame ta Hartford a 1817.

3.0 Yaron da Ya Sami Harshe Tun Haihuwa

Yaro kurma ɗan iyaye kurame yakan bi matakan da yaro mai ji ke bi, kuma kusan a lokaci ɗaya. A 1991 Laura Petitto da Paula Marentette suka ba da rahoton jarirai kurame 'yan wata 10 zuwa 14 suna gwaranci da hannu, watau suna maimaita wasu siffofi da motsi na harshen iyayensu waɗanda ba su da ma'ana tukuna, kamar yadda jariri mai ji kan ce "ba-ba-ba" ko "da-da-da". Wajen cikar shekara guda alamomin farko kan fito, kafin shekara 2 kuma yaro ya soma haɗa alama biyu.

Wani zai yi zaton yaron kwaikwayon hoto kurum yake yi, tun da alamomi da yawa sun yi kama da abin da suke nufi. Kurakuran yaran ne suka ƙaryata wannan zato. A maganar hannun Amurka ana cewa NI ta nuna ƙirji, a ce KAI ta nuna abokin magana. Duk da wannan sauƙi, Petitto ta ga yarinya kurma wajen shekara 2 tana nuna mahaifiyarta alhali kanta take nufi, kamar dai yadda wasu yara masu ji kan rikita "ni" da "kai". Yarinyar ta ɗauki nunin a matsayin wakilin suna, ta kuma yi masa kuskuren da ake yi wa wakilin suna.

Haka kuma alamar BA ta yi kama da miƙa abu, amma yara kan fara da yin ta a sandare, ba tare da sun karkata ta ga mai bayarwa da mai karɓa ba. Sai wajen shekara 3 zuwa 3 da rabi suke naƙaltar wannan ƙa'ida. Siffofin hannu masu wakiltar ajin abu kuwa sukan kai shekara 8 ko 9 kafin su zauna daram. Ke nan yaro ba haɗiye alama yake yi ɗungurungum ba. Warware ta yake yi sashe-sashe, sa'an nan ya sake harhaɗawa, kuma wannan aiki yana cin shekaru.

4.0 Yaron da Bai Samu Ba

Tun bayan babban taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan na Italiya a 1880, inda aka zartar cewa koyar da magana da baki ya fi, makarantu da yawa a Turai da Amurka suka hana maganar hannu a aji. Aka riƙa gargaɗin iyaye kada su yi wa yaro alama, wai don kada ta hana shi koyon magana. Sai a 2010, a taron Vancouver, aka fito fili aka yi watsi da wannan hukunci. A tsawon wannan zamani yara da dama sun tashi ba su sami maganar baki ba, ba su kuma sami ta hannu ba, sai abin da suka tsinta a ɗakin kwana daga 'yan'uwansu ɗalibai.

Irin wannan yaro ba ya zama shiru. Susan Goldin-Meadow, wadda ta buga sakamakon bincikenta a 1977, ta nuna cewa yaran kan ƙirƙiri isharorinsu na gida, masu tsayayyar siffa da ma'ana, su kuma jera su bisa tsari. Sau da yawa sukan fara kawo abin da aiki ya faɗa wa, sa'an nan aikin, kamar a nuna tuwo sa'an nan a yi isharar ci. A 1998 ita da Carolyn Mylander suka tarar da irin wannan tsari a wajen yaran Amurka da na Taiwan, suka kuma ga isharar yaran ta fi ta iyayensu mata tsari. Wannan ya nuna yaro na zuwa duniya da shirin gina harshe.

Amma isharar gida tana da iyaka. Mutum ɗaya ne ke yin ta bisa tsarinta, mutanen gidan kuwa fahimtar sama-sama suke yi mata, kuma ba sa mayar masa da amsa da irin tsarin nasa. Yaron na bayarwa, ba ya karɓa. Tambayar ita ce, idan daga baya ya haɗu da cikakkiyar maganar hannu, zai iya cike giɓin?

5.0 Sakamakon Jinkiri

5.1 Ƙirar Kalma da Ginin Jimla

Elissa Newport, tare da Ted Supalla, ta gwada manyan kurame waɗanda kowannensu ya yi aƙalla shekara 30 yana amfani da maganar hannun Amurka kullum. A rahotonta na 1990 ta kasa su gida uku: waɗanda suka samu tun haihuwa, da waɗanda suka fara a shekara 4 zuwa 6, da waɗanda suka fara bayan shekara 12. Wajen jerin kalmomi na asali, duka rukunonin uku sun yi kyau. Amma wajen ƙirar aikatau sai aka ga matakala: na farko sun fi na biyu, na biyu sun fi na uku nesa ba kusa ba. 'Yan rukuni na uku kan yi amfani da alama a sandare, su yar da ƙwayar ma'anar da ta wajaba, ko su yi daidai a wannan jimla su kuskure a ta gaba. Misalinsu kamar baƙon da ya shekara 30 a Kano, ya san dubban kalmomi, yana ciniki yana hira, amma har yanzu "fita" da "fito" da "fitar" duk ɗaya ne a bakinsa.

Abin lura a nan shi ne, rukuni na biyu ma, waɗanda jinkirinsu bai wuce shekara 4 zuwa 6 ba, an ga tabon abin a nahawunsu bayan shekara 30. Daɗewa ana amfani da harshe bai goge shi ba.

A 2006 Patrick Boudreault da Rachel Mayberry suka faɗaɗa gwajin zuwa nau'o'in jimla shida, daga sassauƙa da korarriya har zuwa mai ɗauke da tambaya da mai ganga dogarau. Suka nuna wa kurame jimloli a faifan bidiyo, wasu daidai wasu an ɓata su da gangan, suka ce su tantance. Gwargwadon jinkirin mutum wajen samun harshe, gwargwadon yawan kuskurensa da jinkirin amsarsa.

Daga baya an gano cewa jerin kalmomin ma bai tsira sarai ba. A 2021 Qi Cheng da Mayberry suka gwada kuramen da ba su sami wani harshe ba sai bayan ƙuruciya, da jimlolin da jerinsu ya saɓa wa abin da aka saba gani, kamar a ce da Hausa "mangwaro ya ciji yaro". Wanda ya tashi da harshe, nahawu zai bi, ya zaɓi hoton da mangwaro ke cizo, komai rashin kan gadonsa. Su kuwa waɗannan sun fi zaɓen hoton da yaro ke cizo. Ashe sanin duniya ne ke yi musu jagora a wurin da ya kamata nahawu ya yi.

5.2 Inda Hankali Ke Tsayawa

Irin kuskuren da mutum ke yi yakan tona yadda yake sarrafa harshe a ƙwaƙwalwarsa. A 1989 Mayberry da Susan Fischer suka sa kurame su kalli labari da maganar hannu suna maimaitawa nan take. Waɗanda suka sami harshen da wuri, in sun yi kuskure, na ma'ana ne, kamar su ce WA a maimakon ƘANE. Jimlar tana nan da ma'anarta. Masu jinkiri kuwa kuskurensu na siffa ne. An sami wanda ya sa BARCI a gurbin DA, saboda alamomin biyu duk da buɗaɗɗen hannu ake fara su a ƙare da tsuke yatsu, sai dai ɗaya a fuska ake yi, ɗaya a gaban ƙirji. Kwatankwacinsa a Hausa shi ne:

(2) a. Ya sayi gero da dawa.
b. Ya sayi gero ɗa dawa.

Wanda ya mai da (2a) zuwa (2b) hankalinsa ya tsaya ne a kan kamannin kalma, bai kai ga ma'anar jimla ba. An kuma tarar masu yawan irin wannan kuskure su ne suka fi kasa amsa tambayoyi a kan labarin. A 2011 Mayberry da abokan aikinta suka yi amfani da na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, suka ga masu samun harshe da wuri suna aiki da sassan harshe na ɓarin hagu, waɗanda masu ji ma ke aiki da su, masu jinkiri kuwa aikin ya fi karkata ga sassan gani da ke wajen ƙeya.

5.3 Harshen Farko da Harshe na Biyu

Ana iya cewa ai kowa ma in ya koyi harshe da girma ba ya gwanancewa, don haka babu wani abin mamaki. Wannan ƙorafi ne Mayberry ta amsa a 1993, ta kuma ƙarfafa amsar a 2002 tare da Elizabeth Lock da Hena Kazmi. Ta kwatanta rukuni biyu da suka fara maganar hannu a shekaru ɗaya, wajen 9 zuwa sama. Rukunin farko an haife su da ji, sun iya Ingilishi, sa'an nan ciwo ya kurmantar da su. Na biyu an haife su kurame, kuma ba su da wani harshe kafin nan. Na farko suka yi wa na biyu fintinkau, ko da yake ba su taɓa ganin maganar hannu suna ƙanana ba.

Sai aka juya gwajin, aka auna nahawun Ingilishi a rubuce. Kuramen da suka tashi da maganar hannu, da masu ji da suka tashi da wasu harsuna irin su Urdu da Faransanci, duk sun kusa kamo 'yan asalin harshen. Kuramen da suka tashi ba harshe kuwa an bar su a baya.

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin. Abin da ƙwaƙwalwar yaro ke bukata a shekarun farko shi ne cikakken harshe, ko ta kunne ya shigo ko ta ido. Wanda ya samu, ya sami harsashin da zai ɗora wani harshe a kai ko da bayan shekaru ne. Wanda ya rasa, ko na farkon ba ya kammaluwa. Ke nan tsoron da aka daɗe ana yi, cewa maganar hannu za ta hana yaro koyon harshen rubutu, a juye yake da abin da bincike ya nuna.

6.0 Abin da Yaro Ke Ƙara wa Harshe

Ƙuruciya ba karɓa kurum take yi ba, tana gyarawa. A 2004 Jenny Singleton da Newport suka ba da labarin wani yaro kurma da suka sakaya sunansa suka kira shi Simon. Iyayensa kurame ne, amma sai da suka kai shekara 15 da 16 suka fara maganar hannu, kuma a wajensu kaɗai yake ganin ta. A gwajin ƙwayoyin ma'ana na motsi, iyayen suna yin daidai wajen kashi 70 cikin 100. Simon, yana ɗan shekara 7, ya kusa kashi 90, kafaɗa da kafaɗa da tsararsa 'ya'yan gwanaye. Ya tsinci ƙa'idar da iyayensa ke bi wani bi su saki wani bi, ya mai da ita doka. Amma wajen siffofin hannu masu wakiltar ajin abu, inda misalin iyayen ya fi rikicewa, bai kamo tsararsa ba. Gyaran yaro ma yana da iyaka.

Abin da Simon ya yi a gida ɗaya, yaran Nikaraguwa sun yi shi a ƙasa guda. Kafin 1977 kuramen wannan ƙasa ta Amurka ta Tsakiya a warwatse suke, kowa da isharar gidansu. A wannan shekara aka buɗe makaranta a Managuwa, babban birnin ƙasar, da yara kurame wajen 50. Zuwa 1983 ɗalibai sun haura 400 a makarantu biyu. Malamai Sifaniyanci suke koyarwa ta karatun leɓe, ba tare da wata nasarar kirki ba. Amma a filin wasa da cikin motar makaranta yaran suka gauraya isharorinsu, har wani sabon harshe ya tsiro. A 1986 aka gayyato Judy Kegl, masaniyar harsuna daga Amurka, ta fara nazarinsa.

Ann Senghas da Marie Coppola sun nuna a 2001 cewa sahu na biyu, watau yaran da suka shigo bayan 1983 suka koya daga yayyensu, sun fi yayyen amfani da gefen sarari a nahawu, kuma wannan fifiko a wajen waɗanda suka shigo kafin shekara 10 kaɗai aka gan shi. A wajen sahu na biyu, idan aka yi GANI da BIYA duk a gefen hagu, to wanda aka gani shi aka biya. A wajen sahun farko gefen bai ɗaure ma'anar haka ba.

A 2004 Senghas da Sotaro Kita da Asli Özyürek suka nuna wa mutane fim ɗin zane, inda wani muzuru ya haɗiye ƙwallo mai nauyi ya gangara titi yana mirginawa. Masu ji, da mafi yawan 'yan sahun farko, da motsi ɗaya suka kwatanta abin. Sahu na biyu da na uku kuwa suka fi raba shi biyu a jere: MIRGINA, GANGARA. Rabawar ta rage kama da abin da ido ya gani, amma ta ba da kalmomi biyu da za a iya ɗauka a haɗa da wasu. Ƙananan yara ne suka sa wa harshen nahawu, manya kuma ba su iya ɗaukar duk abin da ƙannensu suka ƙirƙira ba.

7.0 Waiwaye a Ƙasar Hausa

Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye. Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano, ta buga littafi a kansa a 2000 mai suna Maganar Hannu. Harshe ne da kurame ke koya daga junansu, a wuraren haɗuwarsu. Ban da shi akwai wanda ya shigo ta makarantu, mai tushe daga maganar hannun Amurka. Andrew Foster, wani baƙar fata kurma Ba'amurke, shi ya yaɗa shi. Ya buɗe makaranta a Gana a 1957, ya buɗe wata a Badun a 1960. A Kano kuwa an buɗe makarantar Tudun Maliki a 1977.

Rukunonin nan biyu da Mayberry ta kwatanta duk ana samun su a kowane babban gari na Arewa. Ƙasar Hausa na cikin yankin da sanƙarau kan ɓarke da bazara, kamar annobar 1996, kuma shi da ƙyanda suna cikin cututtukan da ke kashe ji. Yaron da sanƙarau ya kurmantar yana ɗan shekara 8 ya riga ya mallaki Hausa. Maganar hannu harshe na biyu ce a gare shi. Wanda aka haifa kurma a ƙauye, ko ciwo ya same shi yana goye, aka jira sai ya yi wayo kafin a kai shi makaranta, shi harshen farko yake nema a lokacin da ƙofa ta fara rufuwa. Idan aka zaunar da su a aji ɗaya, na farko ya wuce na biyu, abu ne mai sauƙi a ce na biyun daƙiƙi ne, alhali kuwa shekarun da ya yi ba harshe ne suke binsa bashi.

Gaskiya ne Hausawa ba sa ƙyamar yi wa kurma ishara. A kasuwa da tasha za a ga mai ji na ciniki da shi da hannu ba tare da jin nauyi ba. Wannan alheri ne babba, sai dai isharar ciniki ba ta ɗauke da ganga dogarau ko ƙirar aikatau. Abin da yaro ke bukata shi ne ya zauna kullum da waɗanda suka gwanance, suna hira a gabansa, suna ba shi labari, suna yi masa faɗa. Ga ɗaliban harshe kuma akwai fagen aiki a nan: a tantance yadda maganar hannun Hausa ke nuna aikau da karɓau, da korewa, da maimaituwar aiki, sa'an nan a riƙa tambayar kowane mai ba da bayani shekarar da ya kurmance da shekarar da ya fara haɗuwa da 'yan'uwansa kurame, domin nahawun da za a rubuta ya danganta ga hannun wanda aka ɗauko shi.

8.0 Kammalawa

An ga cewa yaro kurma da ya sami maganar hannu tun haihuwa yana gina nahawunsa mataki-mataki kamar kowane yaro. An ga wanda ya yi jinkiri yana iya tara kalmomi ya yi hulɗa da su har ƙarshen rayuwarsa, amma ƙirar aikatau da sarƙaƙƙiyar jimla sukan zauna masa da rauni ko bayan shekara 30. An kuma ga cewa rashin harshen farko ne ke jawo wannan rauni, domin wanda ya tashi da wani harshe, na baki ko na hannu, yana ɗaukar na biyu da kyau. Labarin Simon da na Nikaraguwa sun ƙara nuna cewa baiwar warware harshe da daidaita shi ta ƙananan yara ce, kuma tana raguwa da shekaru.

Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane. Iyayen da suka lura ɗansu ba ya waiwayowa in an kira shi, yana da kyau su nemi magani, amma neman magani na iya cin shekaru, shekarun nan kuwa su ne na harshe. Kai yaron wurin kuramen unguwa yana ɗan shekara 1 ko 2, da koyon alamominsu a gida, bai hana a ci gaba da zuwa asibiti ba.